Daga Kaset zuwa Memori: Tarihin Juya Hoton Bidiyo a Ƙasar Kano

Juya hoton bidiyo shi ne a ɗauke shi daga sigar da kyamara ta ajiye shi, a mayar da shi sigar da na'urar gaba za ta iya karantawa, ko kwamfutar mai tace hoto ce, ko akwatin talabijin, ko wayar hannu. Aiki ne da ba a cika rubuta sunan mai yin sa a ƙarshen fim ba, amma tun da bidiyo ya shigo ƙasar Kano da wuya a samu hoton da ya isa idon mai kallo bai bi ta hannunsa ba. Dalili kuwa shi ne ba a taɓa samun lokacin da kyamarar mai ɗauka, da na'urar mai tacewa, da abin kallon mutanen gari suka zama tsara ɗaya ba. Kyamara kan zo sabuwa, kwamfuta ta zo 'yar gwanjo, abin kallo kuma shi ne mafi arha da kasuwa ta kawo.

Wannan tazara ta fi fitowa fili a karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa da Minjibir zuwa Bichi, Bagwai, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa da Dambatta. Ƙasa ce da gari ke hango gari, gona na manne da gona, babu wani daji a tsakani. Ita ce Michael Mortimore ya yi nazarin cunkoson manomanta tun shekarun 1960. Inda mutane suka yi yawa haka, sha'ani ba ya yankewa, musamman da kaka bayan gero da dawa sun shiga rumbu: biki, suna, walimar sauka, Mauludi, naɗin dagaci, dambe, taron siyasa. Mai kyamara ɗaya da babur yana iya zaga ƙauyuka uku a yini. Sai dai wuta da kayan aiki a birni suke. Don haka an yi shekara da shekaru hoton ƙauye ɗanye yake tafiya Kano, ya komo a wata siga, kuma kusan kullum sigar da ya komo da ita ba ta kai wadda ya tafi da ita ba.

Kafin bidiyo, hoto mai motsi yawanci a hannun hukuma yake. Majigin da ke yawo garuruwa tun zamanin Turawa yana haska fim ne na zare, wanda babu mai iya kwafarsa sai ɗakin wanki na musamman, kuma haka fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu ya fito a 1976. Gidajen talabijin, NTA Kano da kuma CTV 67 wanda aka kafa a farkon shekarun 1980 zamanin gwamna Abubakar Rimi, sun yi aiki da manyan kaset irin U-matic, wanda ba ya shiga bidiyon gida. A nan ne da yawa daga masu ɗaukar hoto na farko suka koyi riƙon kyamara da yanka fitowa.

Juyi na farko da mutanen Kano suka sani ba shi da alaƙa da kwamfuta. Kamfanin JVC ya fito da VHS a 1976, shekara guda bayan Betamax na Sony, kuma VHS ne ya cinye kasuwa. Amma duniya ba a kan tsarin talabijin ɗaya take ba. Nijeriya, kamar Ingila da Indiya, tana kan PAL, mai layi 625 da hoto 25 a kowace daƙiƙa. Amurka da Japan suna kan NTSC, layi 525 da hoto kusan 30. Nijar ta gaji SECAM daga Faransa. Kaset ɗin NTSC in aka zura shi a bidiyon da PAL kaɗai ta sani, hoto ya yi ta birgima, murya ta sauya. Na SECAM yakan fito, amma fari da baƙi. Ga birnin da kaset ke shigo masa ta Dubai da Jidda, yana kuma fita zuwa Maraɗi da Damagaram, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Maganinta shi ne bidiyo da talabijin masu karɓar kowane tsari, kuma irinsu dillalan kaset suka fi nema.

Tace hoto a wancan zamani kwafi ne tsantsa. A jera bidiyo biyu, ɗaya na juya kaset ɗin da aka ɗauko, ɗaya na naɗa a sabo, mai aiki yana riƙe da maɓallin dakatarwa, ya saki inda yake so, ya danne inda ba ya so. Fitowa na bin fitowa a jere, in aka tuna an tsallake wata a tsakiya, sai dai a sake daga nan har ƙarshe. Kowane kwafi kuma yana ciye wani abu daga hoton. VHS tun asali tsabtarsa ba ta wuce layi 240 ba. Kaset ɗin kyamara shi ne hawa na ɗaya, masta na biyu, wanda ɗan kasuwa ya buga na uku, wanda aka sake kwafa a shagon haya na huɗu. Kafin ya kai gidan kallo a Tsanyawa ko Kunchi, jan launi ya malala ya fita daga shacin riga, fuska ta dushe, ƙasan hoto na rawa, murya ta shaƙe. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa wannan dusashewa ta zama kamar wani ɓangare na kallon kansa, tun da a haka yawancin mutane suka san fim ɗin Indiya da na Hausa duka.

A kan wannan kayan aiki masana'antar fim ta tashi. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake ɗauka fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya yi kasuwa. Kafin 1999, lokacin da Sunusi Shehu ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar bugun kaset, da ɗakuna cike da bidiyo a jere, dukkansu suna naɗa daga masta guda. Furodusa kan kai masta da kwalayen da ya buga, dillali ya sayi kwali, ya zuba fim a fankon kaset ɗin da ya saya da kuɗinsa. Ribar furodusa a kwali take, ikon kwafi kuwa yana hannun dillali. Tun daga nan aka aza harsashin abin da zai yi ta maimaituwa: wanda ke riƙe da na'urar juyi shi ke riƙe da wuyan kasuwa.

MiniDV, wanda ya fito a 1995, shi ya kawo ƙarshen asarar kwafi. Ƙaramin kaset ne da bai cika tafin hannu ba, yana ɗaukar awa guda, kuma lambobi yake naɗewa. Lamba kuwa ko sau ɗari aka kwafe ta ba ta canzawa. Sony PD150 da PD170 da ta biyo bayanta suka zama abin alfaharin masu ɗaukar hoto a farkon shekarun 2000. Amma kwamfuta ba ta karanta kaset sai an zuba mata. A haɗa ta da kyamara da wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, a kunna kaset ya tafi a kan saurinsa: awa guda ta ɗauka, awa guda ta zubawa. Awar nan na cin kimanin gigabayit 13, a lokacin da rumbun kwamfuta mai gigabayit 40 ake masa kallon babba. Tsohon tsarin ajiya na FAT32 kuma ba ya riƙe fayil da ya haura gigabayit 4, wato ƙasa da minti 20, shi ya sa ake datsa hoton gida-gida. Duk da wannan wahala, zamanin DV shi ne mafi sauƙi da masu tace hoto suka taɓa gani, domin kyamara kowace iri sigar ɗaya take fitarwa, kuma Adobe Premiere da Pinnacle Studio da Ulead VideoStudio duk suna buɗe ta ba gardama.

A lokacin ne situdiyo suka taru a titin Gidan Zoo, aka samu sabuwar sana'a ta edita, yawancinsu samari da suka koya a hannun maigida ba a aji ba. Mai ɗaukar biki na Bichi ko Dambatta bai jefar da tsohuwar Panasonic ɗinsa mai cin babban kaset ba, don kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsa, kuma masu biki sun fi yarda da kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa. Sai ya kai kaset ɗinsa birni a zuba shi a kwamfuta ta wani kati na musamman, ko a bi da shi ta cikin kyamarar DV, a sa rubutu da kiɗa da hoton ango da amarya, sannan a mayar da shi VHS, tun da ita ce a gidan masu biki. Babban abokin gaba shi ne wuta. Kwamfutar lokacin na iya kwana tana sarrafa hoton awa biyu, in NEPA ta ɗauke a tsakiya aiki ya koma farko. Kuɗin man janareto yana cikin kuɗin da aka caji uban amarya.

A tsakiyar shekarun 2000 faifan VCD ya ture kaset. Na'urarsa da ake shigowa da ita daga Sin ta fi bidiyo arha, ba ta da kan da ƙurar hunturu ke toshewa, kuma fankon faifai kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. VCD tsari ne na 1993, a kan matsi na MPEG-1, hotonsa ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. Hoton DV kuwa 720 ne da 576. Ma'ana, kashi uku cikin huɗu na abin da kyamara ta gani a wajen juyi ake zubar da shi, kuma inda motsi ya yi yawa, kamar rawa ko sukuwar dawaki, hoto sai ya farfashe ya zama murabba'ai. Faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 ko 80, don haka bikin da a da kaset ɗaya mai awa uku ke ɗauka ya koma faifai biyu ko uku, kuma al'adar raba fim na ɗaya da na biyu, wadda kasuwa ta riga ta koyar, ta ƙara samun gindin zama. DVD, mai matsi na MPEG-2 da gigabayit 4.7, ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma ya daɗe bai kori VCD daga ƙauye ba. Abin da ya fi taɓa aljihun furodusa shi ne kwafin faifai ba ya buƙatar ɗaki cike da na'urori; kwamfuta ɗaya da manhajar Nero sun isa, cikin 'yan mintoci, kuma kwafin bai bambanta da na asali ba.

Rikicin gaske tsakanin kyamara da manhaja ya fara ne da kyamarori marasa kaset. JVC ta fito da Everio mai ajiye fayil da sunan MOD. Sony da Panasonic suka haɗu a 2006 suka fitar da AVCHD, mai fayil MTS. A 2008 Canon ta kawo 5D Mark II, kyamarar hoton kati mai ɗaukar bidiyo a fayil MOV, ita da 7D da 600D suka sauya kamannin fim da na biki, da fuska tarwai da baya a lumshe. An huta da zaman zubawa, memori kawai za a cire a kwafe. Amma edita ya jawo fayil cikin manhaja ta ce ba ta san shi ba, ko murya ta fito babu hoto, ko hoton ya fito yana ƙiƙam-ƙiƙam. Premiere bai fara karɓar AVCHD kai tsaye ba sai fitowar CS4 a 2008, CS5 na 2010 kuma ba ya hawa sai a kan tsari mai bit 64, abin da tsofaffin kwamfutocin situdiyo ba su da shi.

Tushen matsalar abu biyu ne da ake yawan cakuɗawa. Fayil ɗin bidiyo kamar buhu ne a kasuwar Dawanau: rubutun jikin buhu daban, hatsin ciki daban. AVI, MOV, MP4 da MTS buhuna ne. Abin da ke ciki, wato hanyar da aka matse hoton, shi ne kodek, irin DV, MPEG-2 ko H.264. Manhaja na iya sanin buhu ba ta san abin cikinsa ba. Shi ya sa sauya sunan fayil daga MOD zuwa MPG yakan yi aiki, don dama MPEG-2 ne a ciki, amma sauya MTS zuwa AVI ba ya haifar da komai. Na biyu shi ne yadda matsin yake. DV yana ajiye kowane hoto cikakke, shi kaɗai, don haka ana iya yanka a ko'ina. H.264 kuwa yakan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan waɗanda ke biye ya rubuta bambancinsu kawai, wasu ma sai an duba na gaba da na baya kafin a gina su. Dabara ce mai kyau ga memori da mai kallo, don fayil yana ƙanƙancewa ƙwarai. Ga edita kuwa nauyi ne, domin duk inda ya tsaya sai kwamfuta ta koma baya ta harhaɗo hoton, kuma tsohuwar kwamfuta mai Pentium 4 ba ta da wannan ƙarfin.

Mafita ita ce a juya kafin a fara aiki, kuma hanya biyu ce. Ta ƙwararru ita ce a mayar da hoton kodek da aka yi musamman don editin, irin ProRes da Apple ta fitar a 2007 ko DNxHD na Avid, waɗanda ke ajiye kowane hoto cikakke, da girmansa na asali. Fayil yana kumbura ninki da yawa, amma ido ba ya ganin asara. Ɗaya hanyar, wadda ƙarancin rumbu da raunin kwamfuta suka tilasta wa yawancin ƙananan situdiyo, ita ce a zuba komai a manhajar kyauta irin Format Factory, a mayar da shi DV ko MPEG-2 na ƙaramin girma. Aiki yana tafiya, sai dai kyamarar da ta ɗauki ɗigo 1920 da 1080 an mayar da ita daidai da ta shekara goma baya, kuma hoton da aka matse a kyamara an sake matse shi a juyi, za a kuma matse shi karo na uku wajen fitarwa. Asarar hawa-hawa da aka zaci an rabu da ita tare da VHS ta dawo ta wannan ƙofa. Ba za a ga laifin editan da ke da biki huɗu a gabansa da janareto mai shan mai ba, amma abin takaici ne yadda sau da yawa ake goge fayil na asali da zarar an juya, don a samu wurin aikin gobe. Mafi yawan waɗannan manhajoji na juyi, a ƙarƙashinsu injin FFmpeg ne ke aiki, wanda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000 kuma kowa ke amfani da shi kyauta.

Akwai wasu kurakurai uku da duk mai kallon faifan biki na wancan lokaci ya gani, ko da bai san dalilinsu ba. Na farko yawan hoto a daƙiƙa: 5D Mark II da farko 30 kawai take ɗauka, sai a 2010 Canon ta ƙara mata 24 da 25, kuma mayar da 30 zuwa 25 na PAL yana nufin zubar da hoto biyar kowace daƙiƙa, motsi ya dinga tsalle. Wutar Nijeriya kuma zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka ɗauka a kan 30 ƙarƙashin doguwar fitila na sa haske ya yi ta ƙiftawa. Na biyu saƙar layi: hoton talabijin rabi biyu ne, layi na 1, 3, 5 a tashi ɗaya, na 2, 4, 6 a tashi na biyu. DV da rabin ƙasa yake farawa, AVCHD da na sama, in aka juya su baibai sai duk abin da ya motsa ya yi karkarwa. Na uku fasali: sabuwar kyamara mai faɗi ce, 16 da 9, tsohuwar talabijin 4 da 3. In ba a saita ba, mutane su fito a matse, fuska ta yi tsawo.

Ana cikin haka waya ta shigo ta ɗauke masu kallo. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, kuma cikin 'yan shekaru aka samu wayoyi masu memori da ke kunna bidiyo a sigar 3GP, wadda aka fi yi a kan ɗigo 176 da 144. Wannan rubu'in VCD ne, kashi ɗaya cikin 16 na DV. Fim sukutum na iya shiga memori ƙarami, ya tsallaka daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da kati ko intanet ba. A 2007 wani ɗan gajeren bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano ta wannan hanya, ya girgiza masana'antar baki ɗaya. Aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabancin Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, aka dakatar da ɗaukar fim na wani lokaci, aka tsaurara dokoki. Hukuma na iya kama faifai a shago, amma ba ta da hannun da za ta sa a aljihun kowa.

Daga nan sana'ar masu turi ta kunno kai. Saurayi da laftof, da na'urar karanta memori, da tebur da lema, ya sayi faifai ɗaya, ya juya shi zuwa 3GP, daga baya MP4, ya tura wa duk mai so a kan kuɗi kaɗan. Kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut su ne manyan mashaya, daga can kaya ke gangarawa tashoshin mota da kasuwannin ƙauye, sau da yawa a rumfa ɗaya da mai cajin waya. Mai turi nagari ya san wace siga ƙaramar wayar itel ke ci, wace Tecno ke so, ya kuma ajiye fim ɗaya a girma biyu ko uku. A rumbunsa akwai fim ɗin Hausa, da na Indiya fassarar Algaita, da waƙoƙi, da tafsiri, da dambe. Ga mutanen karkara wannan buɗi ne na gaske: ba a buƙatar talabijin ko janareto, kuma matar aure da ba ta zuwa gidan kallo ta samu abin kallo a ɗakinta, ta aiki yaro da memori ranar kasuwa. Ga furodusa kuwa karayar arziki ce. Kasuwar faifai ta durƙushe a shekarun 2010, har wasu masu shirya fim suka haƙura suka koma sayar wa masu turi fim kai tsaye. Ikon da ya taɓa zama a Ƙofar Wambai ya watsu zuwa dubban tebura.

Sauyin ya taɓa wani abu da ya fi kuɗi, wato sirrin gida. Kaset ɗin biki guda ɗaya ne, a akwatin uwar amarya yake kwana, sai wanda aka yarda da shi ke aronsa. Fayil kuwa duk inda ya bi yana barin kwafi: a memorin kyamara, a kwamfutar edita, a laftof ɗin wanda ya juya shi zuwa waya. Ga shi kuma a biki kamu da wuni sha'anin mata ne, an yi kwalliya an saki jiki don an san maza ba sa nan. Wannan ya sa wasu gidaje ke hana ɗauka a cikin gida gaba ɗaya, wasu su nemi mace mai kyamara, wasu su tsaya sai an goge a gabansu. Amanar edita ta zama jari daidai da gwanintarsa.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, sun sake juya akalar sana'ar zuwa sama. Gidan talabijin yana gindaya sharaɗin girman hoto da tsabtar murya kafin ya karɓi shiri, kuma masu dogon zango irin Labarina na Aminu Saira da Izzar So sun saba wa jama'a da hoto tsaf. Kwamfutocin yanzu suna buɗe H.264 ba tare da juyi ba. Amma matsalar ta sake salo. Kodek H.265, wanda aka amince da shi a 2013, iPhone kuma ta mayar da shi na yau da kullum daga 2017, yana yi wa tsohuwar kwamfuta abin da H.264 ya yi wa Pentium 4. Waya kuma ba ta tsayawa kan adadin hoto ɗaya a daƙiƙa, tana ragewa in haske ya yi ƙasa ko ta ɗau zafi. Manhajar da ke tsammanin adadi tsayayye sai ta bar murya ta zame, a ƙarshen doguwar huɗuba baki na gaba magana na baya. Maganin shi ne a bi da fayil ta HandBrake ko makamanciyarta a tsayar da adadin. Editoci da yawa kan yi ƙaramin kwafi mara nauyi su yi yanka a kansa, manhaja ta koma kan na asali wajen fitarwa, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, don ba ta taɓa asali. A Makoɗa ko Bagwai yau ana iya ɗaukar walima da waya, a tace ta da CapCut ko KineMaster, a tura ta WhatsApp, wanda shi ma yana sake matse ta ba tare da ya tambayi kowa ba. Hoton ƙauye ya daina zuwa birni, amma bai daina ƙanƙancewa a hanya ba.

Abin da ya rage a baya shi ne tulin kaset da faifai na kusan shekara talatin. A cikinsu akwai naɗin hakimai da dagatai, karatun malaman da suka rasu, makaɗan gargajiya da ba su taɓa shiga situdiyo ba, da fuskokin tsofaffin da ba su bar hoton kati ba. Zaren kaset yana yin fumfuna da damina, zafi na sa shi ya manne; faifan da aka buga a kwamfuta rininsa na dushewa, tun ba ma mai arha ba. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016, sabbin laftof kuma ba su da ramin FireWire. Tsofaffin fina-finan Hausa da yawa da ake gani a YouTube daga VCD aka ciro su, ba daga masta ba, kuma abin da matsi ya zubar babu manhajar da ke dawo da shi na haƙiƙa. Ceton irin wannan kaya yana da ƙa'ida: a nemo sigar da ta fi kusa da kyamara, a tsabtace kan bidiyo, a zuba a DV ko abin da ya fi shi ba tare da an rage girma ba, a ajiye wannan a rumbu biyu a wuri daban-daban, sannan a ciri ƙaramin MP4 don waya, a rubuta gari da shekara da sunan sha'ani a jikin fayil. Kaset ɗaya mai awa uku yana buƙatar awa uku na wuta ba yankewa da kimanin gigabayit 39 na wurin ajiya, kuma masu gyaran bidiyo da za su iya tayar da na'urar da za ta juya shi suna ƙara ƙaranci a Kano kowace shekara.